Sayar da Sigari Kara-Kara da Raunin Dokar Taba a Najeriya

Najeriya ba ta rasa dokar taba ba. Tun 1990 gwamnatin soja ta hana busa sigari a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2005 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba, sannan a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar ƙasa, ana saura kwanaki ya sauka daga mulki. Sai a 2019 Majalisar Tarayya ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. Duk wanda ya karanta dokar zai yaba mata: ta haramta tallar taba, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta wajabta gargaɗi a jikin kwali, ta kuma ce kada a sayar da sigari sai a kwali mai kara 20. Ra'ayina shi ne wannan sharaɗi na ƙarshe, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ke riƙe da sauran.

A je kowace tashar mota a Kano ko Zariya da dare, a tsaya kusa da mai shayi. Gefensa akwai mai tebur, ya jera alewa da goro da ashana, da kwalayen sigari a buɗe. Ɗan acaba zai tsaya ya miƙa canjin da ya rage masa, a zaro masa kara ɗaya, a ƙyasta masa ashana. Wani lokaci yaro ake aikowa: "Wai in ji Yaya a ba shi kara biyu." Babu mai tambayar shekarunsa, babu kuma mai bin sawunsa ya ga ko ya kai saƙon.

A wannan ɗan ciniki an karya lagon doka ta fuska uku. Tun 2021 aka tilasta wa kamfanoni buga hotunan gargaɗi da suka rufe aƙalla rabin kwali, masu nuna ɓarnar da hayaƙi ke yi wa jiki. An zaɓi hoto ne domin ya isa ga wanda bai yi boko ba. To amma mai sayen kara ɗaya ba ya taɓa kwalin, balle ya zauna da shi a aljihu yana kallo. Haka batun shekaru: yaron da ba zai iya tara kuɗin kwali ba, kuɗin kara ɗaya bai fi kuɗin tara da ake ba shi na makaranta ba. Shi kuwa sinadarin nikotin ba ya buƙatar kwali kafin ya kama mutum. Da kaɗan-kaɗan yake saba wa ƙwaƙwalwa, musamman ta matashi.

Na uku shi ne haraji, wanda masana lafiya suka yi ittifaƙi cewa shi ne makami mafi tasiri. A 2018 aka fara ɗora naira 1 a kan kowane kara, aka ɗaga zuwa naira 2.90 a 2020, sannan naira 4.20 a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin kwali, Najeriya kuwa ba ta ko kusa. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara cinye ɗan abin da aka sa. Ko da an ɗaga shi, tsadar da ya kamata ta girgiza mashayi idan ya zo biyan kuɗin kwali takan narke idan aka raba ta gida 20.

Akwai masu cewa matsalar ba ta kai a tayar da jijiyar wuya ba. Suna kafa hujja da binciken 2012 da ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manyan ƙasar ne ke amfani da taba, adadi ƙarami idan aka kwatanta da Masar ko Indunusiya. Gaskiya ne. Sai dai wannan kaso mutum miliyan 4.5 ne, ban da mata da 'ya'yan da ke shaƙar hayaƙin a ɗaki ɗaya. Ƙarancin masu shan ma shi ya sa kamfanoni ke kwaɗayin kasuwar, domin yawancin al'ummar ƙasar yara ne da matasa. Asibitocinmu kuwa ba su da ƙarfin ɗaukar sankarar huhu da ciwon zuciya idan suka yawaita.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta abincin mai tebur, kuma ban raina ta ba. Kame talaka mai jarin da bai fi cikin tire ba zalunci ne, ba kuma zai hana komai ba. Wurin matsawa shi ne sama: kamfani da dila, waɗanda suka san sarai yadda ake sayar da kayansu. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan British American Tobacco, abin da ya nuna gwamnati na iyawa idan ta ga dama. Ya kamata lasisin dila ya rataya a kan yadda ake sayar da kayansa a ƙasa, a kuma ware wani kaso na harajin taba a zuba a asusun da dokar 2015 ta kafa, domin jihohi da ƙananan hukumomi su samu abin biyan jami'an duba-gari. Su ne ke shiga kasuwa da tasha, ba ma'aikatan Abuja ba. Majalisun jihohin Arewa su fara da wannan, su kuma jawo limamai da masu unguwanni cikin aikin.