Daga Zango zuwa Awa: Lissafin Jirgin da Bai Iso Amarawa ba

A zamanin fatauci, wanda ya ɗaura wa jakuna kaya daga yankin Illela zai nufi Kano ko Gwanja ba ya auna hanya da mil. Zango ake ƙirgawa. Madugu ya san inda rijiya take da inda ayari zai kwana, don haka nisa da lokaci abu guda ne a bakinsa: tafiyar kwana kaza. Gudu bai shiga lissafi ba, tunda kowa ya san takun jaki.

Jirgin ƙasa ne ya raba nisa, lokaci da gudu gida uku. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru kuma a 1930. Daga nan aka fara tambayar da kakanninmu ba su yi ba: a awa ɗaya nawa yake ci? Amsar ita ce ƙa'idar da ake koyarwa har yau, wato a raba nisa da lokaci a sami gudu, a ninka gudu da lokaci a sami nisa.

Sai dai dogo bai wuce Ƙaura ba. Sakkwato ba ta gan shi ba, balle Amarawa da ke bakin iyaka. Amma littafin lissafi ya iso, da jiragensa. Wannan ne ke damuna: ana ce wa yaro jirgi mai tsawon mita 200 yana gudun kilomita 72 a awa, cikin daƙiƙa nawa zai wuce turken lantarki? Aikin ba wuya. Kilomita 72 a awa mita 20 ne a daƙiƙa, amsa daƙiƙa 10. Wuyar tana wajen gane cewa jirgi na da tsawon kansa, sai taragon ƙarshe ya wuce ake cewa ya wuce. Idan gada ce, kamar ta Jebba da aka buɗe a 1916, sai a haɗa tsawon gada da na jirgi. Wanda bai taɓa tsayawa bakin dogo ba haddacewa kawai yake yi, alhali tirelolin da ke layi a kan iyakar Illela da Birnin Ƙonni sun isa malami ya nuna masa abin da ido.

Lambobin ƙasarmu ma sun fi na ƙage daɗin aiki. Da aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, yakan shafe sama da awa 30 a kan kimanin kilomita 1,126. Ɗalibi ya raba, zai ga bai kai kilomita 40 a awa ba, ya kuma fahimci dalilin da ya sa 'yan kasuwa suka koma wa motoci. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kilomita 186 ne. Jirage biyu da suka taso daga ƙarshensa biyu, kowanne da gudun 93, za su haɗu bayan awa ɗaya daidai, domin masu fuskantar juna haɗa gudunsu ake yi.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Shi ma gabas ya bi, ya bar Sakkwato a gefe. In jirginsa zai riƙa cin kilomita 100 a awa, albasar da aka ɗora a Maraɗi da hantsi za ta sauka Kano kafin azahar.