Sunayen Masu Laifi a Ƙasar Karaye, Jiya da Yau

A zamanin En'e, kalmomin da mutumin Karaye ko Rogo ke buƙata a gaban alƙali ba su da yawa. Akwai ɓarawo mai haura katanga, da ɗan sane mai yankan aljihu ranar kasuwa, da ɓarawon zaune mai sayen kayan sata. Dogari ko ɗan doka ne ke taso ƙeyarsu, kuma galibi mai unguwa ya san gidan uban kowannensu.

Ɗan fashi tsohon suna ne, tun lokacin da ake tare fatake da kwari da baka. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 bindiga ta yawaita, sai aka ƙara masa "da makami". A 1970 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi kisa a kansa.

Birni ya kawo nasa. Rikicin jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950 ya fito da 'yan banga. Daba kuwa asalinta matattarar 'yan farauta da 'yan tauri ce, kafin siyasa da ƙwaya su ɓata ta. Ɗan damfara ma ya samu lamba, 419, daga wani sashe na kundin dokar laifuka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na baya-bayan nan. Rogo na iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, don haka abin da ya taso daga dazukan can ba ya daɗewa bai iso kunnen mutanenta ba. An fara da ɓarayin shanu, aka koma 'yan bindiga, sannan masu garkuwa da mutane. Yau yaron da bai gama firamare ba ya san mene ne kuɗin fansa. Ka lura, kusan duk sunayen nan jam'i ne. Ba a cewa ɗan gidan wane, sai dai "sun zo a kan babura".

Guda ɗaya ne tilo, wato infoma, mai tsegunta musu wanda ya sayar da masara ko shanu. Shi kam a cikin gari yake, ana sallah sahu ɗaya da shi. Saboda shi manomi ke dawowa daga kasuwa ya ƙi faɗa wa maƙwabcinsa nawa ya sayar da buhu.