Gurjiya da Sinadaran Ɓawonta: Nazari kan Ƙimar Abinci da Kariyar Jiki

Gurjiya, wadda wasu ke kira ƙwaruru, masana tsirrai kuma suka sa mata suna Vigna subterranea, tana cikin dangin wake da ke zuba 'ya'yansu a ƙarƙashin ƙasa kamar gyaɗa, kuma an sami irinta na daji a yankin da ya taso daga tsaunukan Jos zuwa Yola har Garwa ta ƙasar Kamaru, abin da ya sa ake ɗaukar wannan shiyya a matsayin mahaifarta. Duk da cewa tana jure fari, tana kuma yi a jigawar da gyaɗa ba ta tsinana komai, ba ta sami kulawar da wake da waken suya suka samu ba wajen bincike, sai aka bar nomanta galibi a hannun mata a ƙananan gonaki.

Awon da aka yi wa busasshiyar ƙwayarta a ɗakunan gwaji ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 sitaci ne da danginsa, furotin mai gina jiki yana kai kashi 18 zuwa 24, mai kuma bai wuce kashi 6 zuwa 7 ba. Muhimmancin wannan furotin yana ga yawan laysin da ke cikinsa, wato ɗaya daga cikin tubalan furotin da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, wanda kuma ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara. Saboda haka gidan da tuwo ne cimarsa ta kullum yana cike babban giɓi idan ya haɗa da gurjiya.

Batun sinadaran kariya shi ne ya fi sarƙaƙiya. Waɗannan sinadarai ne da ke tare wasu ɓurɓushi masu ɗauke da oksijin da ke saurin haɗuwa da duk abin da suka taɓa, waɗanda ke cin ƙwayoyin halittar jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A gurjiya mafi yawansu dangin fenol ne, irin su tanin da antosayanin mai ba da launi, kuma sun taru ne a ɓawon ƙwayar, shi ya sa baƙa da ja suka fi fara ƙarfi a gwajin DPPH, wanda ke auna yadda ruwan da aka tatsa daga iri yake kashe kaifin waɗannan ɓurɓushi. Sai dai tanin ɗin nan, tare da fitet da ke cikin ƙwayar, yana ɗaure sinadarin ƙarfe da zink a hanji ya hana jiki zuƙarsu, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a yankin da ƙarancin jini ya addabi mata masu juna biyu da yara ƙanana.

Hanyoyin sarrafawa na gida suna taɓa ɓangarorin biyu a lokaci guda. Jiƙawa da barin iri ya tsira suna rage fitet, surfe yana cire ɓawo tare da kaso mai yawa na fenol, kanwar da ake jefawa a tukunya don busasshiyar gurjiya ta yi saurin nuna kuwa, ko da yake tana rage cin itace, tana lalata bitamin B1. Kasuwa ma ta fi son fara, don haka manomi ba shi da abin da zai ja shi ga adana baƙa.

Ya kamata a yi hattara da sakamakon gwajin kwalba, domin ƙarfin da sinadari ya nuna a ɗakin gwaji ba hujja ba ce cewa zai yi aiki iri ɗaya bayan dafuwa da narkewa a ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne a tantance ɗaruruwan nau'o'in da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ke adanawa gwargwadon mai ci: fara ko surfaffiya don kunun yaye, inda ƙarfe da furotin suka fi zama dole, masu duhun ɓawo kuma don abincin manya, sannan a gwada kowanne a kan mutane bayan an dafa shi yadda ake dafawa a gida.