Neman Asali Daga Zangon Ankara

A ƙasashen Turai, in mutum yana zaune nesa da garin kakanninsa, yakan aika wa coci takarda a duba masa littafin aure da haihuwa. A Ingila tun 1538 aka fara ajiye irin wannan littafi. Amma jikan Bahaushe da aka haifa a zangon Ankara, watau Akra ta ƙasar Gana, wanda aka ce masa asalinsu Bebeji ko Ƙiru, ba shi da wannan gata. Auren kakanninsa a gaban shaidu aka ɗaura shi, waliyyi ya bayar, aka yi fatiha, aka raba goro, ba wanda ya ɗauki alƙalami.

Suna kuwa yakan ruɗi mai nema. Alhassan Ɗantata an haife shi a Bebeji cikin 1877, a zuriyar Agalawa, fataken goro. Da mahaifinsa Abdullahi ya rasu, sai mahaifiyarsa Amarya ta tafi Ankara, ta bar shi a hannun wata tsohuwa wai ita Tata. Sunan tsohuwar nan ne ya bi gidan, ba na uba ba. Baƙon da ya zo neman wani kaka namiji mai suna Tata ya yi ɓatan kai.

Saboda haka sai a fara da tsofaffin unguwa, da kirarin maroƙa, da tsagar fuska. Bayan nan a nemi kundin alƙalai na rabon gado, da takardun haraji na zamanin En'e a ma'ajin takardun tarihi na Kaduna. A nan ma sunan maigida aka fi rubutawa, na mata ba safai ba.