Ragowar Biyogas

Ragowar biyogas ita ce taɓon da ke fita daga ramin da ake ruɓar da kashin dabbobi ba tare da iska ba, bayan an samu gas ɗin girki. Mafi yawanta ruwa ne, amma sinadaran naitirojin, fosfaras da potashiyam suna nan cikinta. Warinta bai kai na ɗanyen kashi ba, kuma yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin yakan mutu.

An fi saninta a matsayin taki. A wuri irin Jiratawa, cikin gundumar Madarumfa kusa da Gulbin Maraɗi, inda ake noman rani da zogale, za a iya tsarma ta da ruwa a zuba a gindin shuka. Sai dai idan aka bar ta a rana, wani ɓangare na naitirojin ɗinta yakan bi iska, don haka ya fi kyau a cuɗa ta da karan gero, a rufe har ta zama takin gargajiya.

A Sin da Indiya ana zuba ta a tafkin kifi, ana kiwon tana da noman naman kaza da ita. Busasshiyarta kuma tana zama ƙasar renon dashe. Kada a yayyafa ɗanyarta kan ganyen da ake ci ɗanye, kamar salak.