Shekarar da Aka Yi Tafsiri Babu Jama'a

Idan ana lissafin shirye-shiryen rediyo da talabijin da ake ɗauka a gaban taron mutane, to a ƙasar Hausa babu wanda ya kama ƙafar tafsirin watan azumi, ko a yawan masu kallo ko a daɗewa. Tsarinsa kowa ya sani: ga malam a zaune, ga alaramma mai jan baki a gefensa, ga jama'a sun cika masallaci har waje, ga kuma 'yan takardun tambayoyi ana miƙowa daga sahu zuwa sahu. A azumin 2020 annobar korona ta zare jama'ar daga cikin wannan tsari, ta bar malam da alaramma da na'urar ɗaukar hoto. Yadda aka yi hakan ta faru, da abin da ta bari a baya, ya cancanci a rubuta tun kafin a manta.

Bari mu ɗan koma baya. An kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, kuma tun a ƙarshen shekarun 1960 ya fara watsa tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello. Daga baya tafsirin Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya shiga gidajen rediyo, a Kano kuma ga na Sheikh Nasiru Kabara a gidan Sarki, ga na Malam Isa Waziri wanda mutane ke jira saboda ilimi da raha. Da zamanin kaset ya bunƙasa, karatun da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yake yi a masallacin Indimi na Maiduguri ya zaga ko'ina, har bayan kisan gillar da aka yi masa a 2007. A duk waɗannan, mai sauraro a gida yana jin muryoyi uku ne: ta malam, ta alaramma, da ta jama'a, wato kabbararsu da dariyarsu da tarinsu da shirun da suke yi idan aka zo wurin tsoratarwa. Mutumin da ke kishingiɗe da rediyonsa a Roni ko Gwiwa, wannan murya ta uku ce take sa ya ji kamar shi ma yana cikin sahu.

To, sai ga korona. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan ƙasar Italiya a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja. Kano ta samu nata na farko ranar 11 ga Afrilu, gwamna Abdullahi Ganduje ya sa dokar zaman gida daga 16 ga watan. A Jigawa, gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta kulle Kazaure a cikin watan na Afrilu bayan cutar ta ɓulla a can, abin da ya taɓa maƙwabta irin su Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, waɗanda harkarsu ta kasuwa da asibiti ba ta rabuwa da Kazaure. Ana cikin haka aka ɗauki azumi ranar Juma'a, 24 ga Afrilu. Kafin nan Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam, waɗanda Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ke shugabanta, sun yi kira da a dakatar da tarukan tafsiri da tarawihi a masallatai, a koma ga kafofin watsa labarai.

Mai karatu ya tuna irin kwanakin. A makonnin nan ne aka yi ta jana'iza a birnin Kano, dattawa da malaman jami'a da masu sarauta suna ta tafiya, har shugaba Buhari ya ƙara wa jihar kulle na mako biyu a jawabinsa na 27 ga Afrilu. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da cutar. Tunda dattawa ne suka fi cika sahun gaba a wurin tafsiri, tara su a wuri guda tsawon wata ɗaya ba ƙaramar kasada ba ce.

Yaya aka yi ke nan? Wasu malaman suka koma ɗakunan ɗaukar shiri na gidajen rediyo da talabijin, wasu suka zauna a falonsu ko ɗakin karatunsu, wasu kuma suka ci gaba da zama a masallacin amma ƙofa a rufe, daga su sai alaramma sai masu ɗauka. Aka raba kujerar malam da ta mai jan baki, masu riƙe da na'ura suka sa takunkumi. Inda babu halin kawo manyan na'urori, wayar hannu guda aka kafa a kan ƙafa uku, aka haɗa da Facebook ko YouTube, aka watsa kai tsaye. 'Yan takardun tambayoyi suka koma saƙon tes da na WhatsApp, wani almajirin malam ya tace ya karanto.

Wahalar da ba a cika faɗa ba tana kan malamin ne. Wanda ya saba karanta fuskokin mutane, ya gane inda aka gaji ya sako labari, ya gane inda ba a fahimta ba ya maimaita, sai ga shi yana magana da gilashi. Idan ya yi abin dariya babu mai darawa, idan ya kawo abin kabbara sai dai alaramma ya amsa shi kaɗai. Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. A Amurka, a tsakiyar Maris na shekarar, masu shirye-shiryen hira na dare duk sun rasa 'yan kallonsu. Jimmy Fallon ya koma yin shirinsa daga gida, matarsa ce mai ɗaukar hoto, 'ya'yansa mata biyu suna kutsowa ciki. Stephen Colbert ya fara nasa daga cikin kwamin wanka, Trevor Noah ɗan Afirka ta Kudu kuma ya yi ta yi daga ɗakinsa a New York, baƙi suna shigowa ta intanet. Colbert bai sake ganin cikakken zauren 'yan kallo ba sai a Yunin 2021. Su ma sun koyi cewa mai magana yana jingina ne da numfashin masu sauraronsa.

Sai dai a wurinmu akwai wani bambanci, domin kuwa ba kowa ke da wuta da data ba. Ɗan birni mai babbar waya ya samu abin da bai taɓa samu ba, yana kallon malami uku ko huɗu a yini guda, daga Kano zuwa Sakkwato, bai motsa daga tabarmarsa ba. Mata da yawa, waɗanda a da sai dai su jiyo ta lasifika daga bayan katanga, sun aika da tambayoyinsu kai tsaye. Amma a ƙauyukan Roni da Babura da makamantansu, rediyo mai batir ce ta riƙe mutane, sai kuma masu shagunan caji da turi, waɗanda ke sauke karatun su zuba wa mutum a memori. Wanda ya fi kowa asara shi ne ƙaramin malamin unguwa ko na ƙauye, wanda ba shi da mai ɗaukar nauyin sa shi a rediyo. Manyan malamai sun ƙara yawan masu sauraro a wannan shekara, shi kuwa majalisinsa ya watse, tare da ɗan alherin da jama'a kan yi masa a ƙarshen wata.

An yi sallah ranar 24 ga Mayu, ba tare da hawan sallah a Kano ba. Da azumin 2021 ya zo a watan Afrilu, jama'a suka koma masallatai, kabbara ta dawo cikin lasifika. Amma wayar nan da aka kafa a gaban malam ba a ɗauke ta ba. Watsa tafsiri kai tsaye ya zama al'ada, har a ƙananan garuruwa, kuma yanka karatu gunduwa-gunduwa ana yaɗawa ya ƙaru, da amfaninsa da kuma fitinarsa, tunda minti ɗaya da aka ciro daga karatun awa biyu yana iya juya maganar malam ta koma abin da bai nufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona ranar 5 ga Mayu, 2023.

Abin da ya rage shi ne adanawa. Kaset-kaset ɗin malaman jiya sun kai gare mu ne saboda wasu sun ɓoye su a akwati. Karatun 2020 kuwa mafi yawansa yana warwatse ne a shafukan da ba namu ba da wayoyin da suka riga suka lalace. Ya kamata gidajen rediyo da jami'o'inmu su tattara shi tun yana samuwa, domin jikokinmu su ji yadda muryar malam take a masallacin da babu kowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan annoba, ya kiyashe mu da ganin irinta.