Yadda Goron Damagaram Ya Koma Bin Bakin Teku

Damagaram ba ta da teku, amma a farkon ƙarni na 20 goron da ake rabawa a bukukuwan aure da suna a unguwannin Birni da Zango sai ya kwana a cikin jirgin ruwa kafin ya iso. Fataken Hausa ne suka buɗe wannan hanya.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, fuskar kasuwancin Damagaram biyu ce. Ta arewa, ayarin raƙuma na kai fatu da gashin jimina Tarabulus ta Agadas da Gat. Ta kudu maso yamma kuwa, kanwar Muniyo da ta Manga na bin Kano, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu har Salaga a Gwanja, inda ake musayarta da goron dajin Asante. Madugu da jakunansa kan share watanni a hanya, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi, ga goro ba ya jure fari.

Sai al'amura suka juya. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa kasuwar. Fatake suka gangara kudu, suka kafa zanguna a Kumasi da Akra da Sekondi. A nan suka tarar da jirage masu tururi, irin na kamfanin Elder Dempster, suna zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas, suna yada zango gari bayan gari: Sekondi, Cape Coast, Saltpond, Winneba, Akra, Keta, Lome, Kwatano.

Yawancin garuruwan nan ba su da tashar da babban jirgi zai matso. Sai ya jefa anga can nesa, matuƙan Fante da Ga su fito da manyan kwale-kwale suna keta igiyar ruwa. A ɗaure huhun goro a ja shi sama da ƙugiya, fasinja ma a ɗaga shi cikin wani akwatin katako yana lilo a kan ruwa. Bafatake ya biya kuɗin zama a sarari, ya shimfiɗa tabarma kusa da kayansa, buta a gefe. Aikinsa shi ne kare huhu daga rana da ruwan gishiri, ya riƙa yayyafa ruwan daɗi a ganyen da aka naɗe goron, ya tsince mai tsutsa kafin ya ɓata saura. A kowace tasha akwai fatoma Bahaushe da zai sauke baƙo, ya nemo masa dillali, ya adana masa kuɗi.

Cikin waɗanda suka ci moriyar hanyar har da Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya yi ta jigilar goro daga Akra zuwa Legas ta ruwa kafin ya zama babban attajirin gyaɗa a Kano.

Layin dogo ne ya cike gurbin da ya rage. Na Sekondi ya isa Kumasi a 1903, na Legas ya isa Kano a 1911. A shekarar ce kuma Italiya ta mamaye Tarabulus, hanyar Sahara, wadda dama ta fara rauni, ta ƙara durƙushewa. Damagaram, wadda Faransa ta kama tun 1899, ta juya ga Kano. Daga tashar jirgin ƙasa jakuna da raƙuma ke ɗaukar goro su bi ta Daura ko Magarya, tafiyar watanni ta koma ta makonni.

Zamanin bai daɗe ba. An buɗe tashar Takoradi mai zurfi a 1928, ta Tema a 1962, ƙananan tashoshin kwale-kwale suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Manoman ƙasar Yarbawa, musamman wajen Shagamu, suka rungumi shuka irin goron Gwanja, sai buƙatar haye teku ta ragu, motoci kuma suka karɓe jigilar. Zangunan da fataken suka kafa dai suna nan, kuma jikokinsu na daga cikin masu sauke 'yan kasuwar Nijar da ke zuwa fiton kaya a tashoshin Lome da Tema.